Yanka Ɗaya a Teburin Menelaos

Pireyas, 9 ga Agusta, 1988

Zuwa ga mijina Lambros,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi, kuma teku tana yi muku da sauƙi. Yaya gwiwar nan taka? Kana shafa maganin da na cusa maka a aljihun jaka, ko har yau ko marfinsa ba ka buɗe ba? Mu nan lafiya lau, sai zafi. 'Yarka Froso tana gaishe ka.

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Da na buɗe na ga shafi uku, sai na ce yau dai mutumin nan ya tuna yana da mata. Ashe layi biyu ne nawa, sauran duk abin da zan faɗa wa Menelaos mai gashin nama ne. Shekara ashirin da shida da aure ba ka taɓa rubuto mini wasiƙa mai tsawon wannan ba, sai da maganar rago ta taso.

Na dai fahimta. 'Yarka ke nan guda, iyayen saurayinta za su zauna da mu karon farko, kai kuma kana can ɗakin inji, kamfani ya ƙara muku wata biyu. Ban ce laifinka ba ne. Amma kai ka tsayar da rana, kai ka zaɓi wuri, sannan ka bar ni da ɗawainiya. Ka ce sha biyar ga wata, ranar idin Maryamu, da an fito daga coci, lokacin kowa ya sauke azumin mako biyu bakinsa na neman nama. Ka ce gidan gashin Menelaos, teburin ƙarƙashin rumfar inabi. Ka ce wanka Thodoros ya zauna a madadinka. To, na ji, duk da ni da kai mun san abin da zai kai Thodoros wurin.

Abin da ba ka yi tunani ba shi ne, ni ban taɓa yin oda ba tunda nake. Kullum kai ne ke tashi ka nufi bakin wuta, ka leƙa wannan ka taɓa wancan, ku yi ta musu da Menelaos, mu kuma muna zaune sai dai mu ga faranti suna sauka a tsakiyar tebur kowa ya sa hannu. Sai jiya na san da kilo ake faɗin gasasshen nama.

Na je da takardarka a hannu. Yana hango ni ya goge hannu a ƙirjin riga, ya kira ni da sunan girmamawa ya ce, "Kiriya Evanthiya, ke kaɗai? Ina kyaftin?" Ya san sarai kai ba kyaftin ba ne, neman magana ne kawai. Na tsaya na karanta masa kamar 'yar makaranta. Haƙarƙarin ɗan rago kilo huɗu, kada ya bushe. Tsire ashirin. Kokoretsi guda, kuma wai in tsaya in sansana hanjin da zai naɗe kayan cikin da shi. Lambros, ban sansana ba, kuma ba zan sansana ba. Sai ƙananan faranti na meze: gasasshen cuku, kindirmo mai tafarnuwa, soyayyen dankali, salak biyu manya da cuku a kai.

Ya ce, "Ku nawa ne?" Na ce shida. Ya ce, "Shida? Wannan ai odar 'yan kwana-kwana ce bayan sun kashe gobara." Na ce masa surukai ne za su zo. Nan take ya canja fuska ya ce, "Au, surukai? To ai ya yi kaɗan." Ya ƙara kilo ɗaya ba tare da ya tambaye ni ba. Haka kuke, kai da shi.

Froso ce ke ba ni ciwon kai. Tun shekaranjiya take bina ɗaki zuwa ɗaki: "Mama, ko a ɗaga zuwa ƙarshen wata?" Na ce saboda me? Ta ce haka kawai. Na ce babanki ya sa rana, Menelaos ya riga ya yi wa mai rago magana, ba a ɗaga zaman surukai saboda haka kawai. Sai ta koma cewa to a ƙara wake da dafaffen ganye a cikin odar. Wake! Kwana tara ke nan muna cin wake a gidan nan, sannan in jera wa baƙi wake ranar idi, su koma ƙauyensu su ce matar Lambros marowaciya ce? Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Jiya ma haka ta yi. Thodoros ya zo cin abincin rana, nake ba shi labarin na haɗu da 'yan cocin tsohuwar kalandar nan na bayan kasuwa suna sayen nama hankali kwance, su da sai Lahadi za su fara azumi, mu kuma Litinin mu sauke. Na tuna masa abin da kake cewa, wai ko ranar tashin ƙiyama sai sun makara da kwana goma sha uku. Ya yi dariya har ya ƙware. Froso kuwa ta ajiye cokali ta tashi. Zumuɗin aure ne, ni ma na yi, amma ban tuna na yi wa uwata wannan miskilancin ba.

Yaron dai, Prokopis, ba ni da ta cewa a kansa. Yana aikinsa na wayar lantarki a wurin gyaran jirage, ba ya sha, ba ya ɗaga murya. Iyayensa ne ban sani ba, an ce mutanen Keratiya ne masu gonar ɓaure. Ina tsoro, Lambros. Ban faɗa wa kowa ba sai kai. Ina tsoron in kunyata yarinyar nan a gabansu.

Ka kula da kanka, ka shafa maganin.

Matarka,
Evanthiya

Pireyas, 16 ga Agusta, 1988

Lambros,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Barka da idi, duk da ban san abin da suka ba ku a jirgi ba. Ko me ne ne, ya fi nawa idin daɗi. Na san wannan da ta farko tare za su same ka a tasha, don haka ka duba kwanan wata, kada ka fara da wannan.

Sun zo a kan lokaci, wannan ba zan hana su ba. Uban, Kir Anestis, dogo ne mai gemu, hularsa a hannu. Uwar, Kiriya Stamatina, 'yar ƙarama ce, ta sa baƙar riga mai dogon hannu da ɗankwali a cikin wannan zafin. Sun kawo kwandon ɓaure. Muka gaisa, muka zauna. Wurin ya cika maƙil, rabin unguwarmu na nan, kowa da iyalinsa, hayaƙi ya rufe layin.

Menelaos ya zo ya tsaya a kaina. Duk da an gama komai tun mako guda, ka san al'adarsa, sai mai tebur ya faɗi odar da bakinsa a gaban baƙi. Na ciro takardarka. Hannuna ya yi ta rawa har sai da na dafe ta a kan tebur kafin na iya karantawa. Na dai kai ƙarshe.

Faranti suka fara sauka har babu wurin ajiye kofi. Naman ya yi, Lambros, ko kai kana nan iyakarsa ke nan. Aka yi addu'a, na ce ku sa hannu. Kir Anestis ya gutsiri burodi. Matarsa ta gutsiri burodi. Prokopis ya gutsiri burodi. Na ce a raina kunya ce ta farkon zama. Na tura musu haƙarƙarin gabansu, suka ce sun gode. Na tura tsiren, sun gode. Cukun, sun gode. Har salak ɗin suka ƙi. Kir Anestis ya roƙi a kawo masa tumatir ɗanye guda, kada a zuba masa mai, ya ciro wuƙarsa daga aljihu ya yanka shi uku ya raba musu. A teburina, a gaban kilo biyar na rago.

Thodoros, wakilinka, ko ɗaga kai bai yi ba. Sau ɗaya ya yi magana, shi ne da ya ce, "In ba za ku ci kokoretsin nan ba ku miƙo."

Menelaos ya zagayo sau biyu, a na uku ya kasa haƙuri. Ya ce, "Kir Anestis, naman ne bai yi ba? Ragon nan har uwarsa na sani." Mutumin ya ce, "Ya yi, Allah ya sa albarka." Na ga matan teburin kusa da mu sun daina tauna suna kallo. Prokopis yana kallon Froso, Froso tana yayyage gefen takardar da aka shimfiɗa a tebur.

Sau uku ina roƙonsu. Ni, Evanthiya, ina roƙon mutane su ci nama ranar idi. Na sa rigata mai shuɗi, na je gyaran gashi, mako guda ban yi barcin kirki ba saboda zaman nan, su kuma suna zaune suna tsinkar burodi kamar waɗanda aka kawo dole. Raina ya ɓaci, kuma ka san ni. Na ajiye cokali na ce, "In abincinmu bai kai ku ci ba, ban ga yadda 'yarmu za ta kai ku ɗauka ba."

Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Kir Anestis ya ɗauki hularsa ya yunƙura. Sai matar ta dafa hannunsa. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana har na fara tsarguwa. Sannan ta miƙa hannu cikin farantin tsakiya ta ɗauki haƙarƙari guda. Prokopis ya ce, "Mama," a hankali. Ba ta kula shi ba. Ta ci shi sannu sannu har ƙashi, kamar mai haɗiyar magani, mijinta ya kawar da kai yana kallon titi. Ta goge baki ta ce, "Ya yi daɗi, Kiriya Evanthiya. Allah ya dawo da maigidan lafiya." Ko kankana ba su jira ba suka tafi.

Yanka ɗaya. Wai ita ta yi mini alfarma ke nan.

Yau Prokopis bai zo ba, shi da kullum yake biyowa in ya tashi aiki. Da ƙyar na ji daga bakin Froso cewa ubansa ya ce kada ya ƙara taka layinmu. Daga wannan ba ta sake ce mini komai ba. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, abincin da na kai mata yana nan yadda na ajiye.

Firij ya cika da nama, har na maƙwabta na cusa. Thodoros ya ce kada in damu, zai riƙa leƙowa.

Ban yi nadama ba. To, na ɗan yi, don ba na son ganin bayan yarinyar nan haka. Amma ka gaya mini, me na yi musu? Na bi takardarka layi layi. Da kana nan da wataƙila ka san abin da ake cewa, ni ban sani ba. In auren nan ya lalace a hannuna, ban san da wane ido zan tarbe ka a tasha ba.

Taka, cikin ɓacin rai,
Evanthiya

Pireyas, 22 ga Agusta, 1988

Mijina Lambros,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, teku ta kwanta. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, don akwai rabonka a ciki.

'Yan tsohuwar kalanda ne, iyayen Prokopis.

Ranar Laraba na gaji da shirun, na shiga na zauna a bakin gadon Froso na ce ba zan tashi ba sai ta yi magana. Ta faɗa mini fuskarta a cikin matashi. Ranar da muke idi, su kwanansu biyu ke nan da fara azumi, kuma Litinin ce, ranar da ko mai ba sa taɓawa. Na ce don me ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Ta yaya, Mama? Ke da Baba kun mayar da su abin dariya tun ina ƙarama. Na so sai Baba ya dawo ya ga Prokopis ya so shi tukuna." Wannan shi ne rabonka, kai da barkwancinka na tashin ƙiyama. Nawa rabon ya fi naka, don ni na maimaita shi a gabanta mako biyu da suka wuce.

Bai tsaya nan ba. 'Yarka ta gaya wa Prokopis wai ta sanar da ni, don tana zaton za ta shawo kaina in ɗaga ranar. Ke nan mutanen nan sun zo da tabbacin na san suna azumi, suka tarar na jera musu rago kilo biyar a gaban unguwa, ina tura musu ina cewa ku ci. Ka tsaya ka yi tunanin yadda suka ɗauke ni. Ni kwana biyu na yi ina tunanin, kunya ta hana ni fita ko sayen burodi.

Ranar Asabar na koma wurin Menelaos, ba takarda. Na ce gobe ina son meze na mutum biyar, a tire, zan tafi da shi Keratiya. Ya ciro fensir daga bayan kunne. Na ce ba nama. Ya ɗago kai. Na ce ba cuku, ba kindirmo, ba ƙwai. Ya ce, "To me ya rage, Kiriya? Gawayi?" Na ce gasasshen tattasai, gasasshen yalo, manyan wake da tumatir, dafaffen ganye da lemun tsami, zaitun, sai ganyen inabi naɗe da shinkafa, wanda matarsa za ta yi, ba shi ba. Lahadi ce, an yarda da mai, na riga na tambayi Froso. Sannan na ce ya kankare ƙarfen gashin tas kafin ya ɗora tattasan, kada kitse ko ɗigo ya taɓa su.

A nan ne ya ajiye fensir. Ya ce, "Kitsen nan shekara talatin yana kan ƙarfen nan. Shi ne ɗanɗanon gidan. Kyaftin bai taɓa sa ni wannan ba." Na ce kyaftin yana teku, ni ce a tsaye. Ya yi ta gunaguni, wai abokan sana'a za su ji yana gasa yalo tsura. Ban tafi ba sai da na ga ya ɗauko burushin ƙarfe. Ashe oda ba ta da wuya, Lambros. Shekara ashirin da shida kana yi kamar wani aikin injiniya.

Jiya muka hau bas, ni da Froso, kowace da tire a cinya, romon wake yana ɗiga mini a riga tun daga tasha. Mun isa sun dawo daga cocinsu. Kir Anestis ne ya buɗe ƙofa. Ya dubi tiren ya dube ni ya ce, "Yau kuma me aka kawo mana?" Duk jawabin da na shirya a cikin bas ya gudu. Sai na ji kaina ina lissafa masa: tattasai, yalo, wake, ganye, zaitun, kuma an kankare ƙarfen, da idona na gani. Na ce, "Ban sani ba, Kir Anestis. Allah ne shaida ban sani ba. Abin da na faɗa kuma na faɗa, ba ni da bakin gyara shi." Bai matsa daga ƙofa ba, sai da matarsa ta zo ta bayansa ta karɓi tiren daga hannuna ta ce mu shigo rana ta yi zafi.

A tsakar gida ta shimfiɗa tebur, ƙarƙashin ɓaure. Muna jera faranti ni da ita, na tambaye ta don me ta ci naman. Ta ce, "Da farko na ɗauka izgili ne, kamar yadda maigidana ya ɗauka. Sai na tuna yadda hannunki ke rawa da kina karanta takardar mijinki. Mai izgili hannunta ba ya rawa. Na ce matar nan ba ta sani ba, ita kaɗai ce, mijinta yana teku, unguwarta duk suna kallonta. In muka tashi haka, ba ta da hanyar da za ta sake zuwa wurinmu, mu ma ba mu da ta zuwa wurinta."

Daga baya Prokopis ya gaya wa Froso sauran, ita ta gaya mini a bas. Tun tana shekara bakwai matar nan ba ta taɓa karya wannan azumin ba. Ta je ta faɗa wa limamin cocinsu da bakinta, kuma bana ba za ta karɓi jibin Ubangiji ranar idinsu ba, karon farko a rayuwarta. Wannan ne yanka ɗayan da na rubuto maka ina yi masa gatse.

Aka ci abinci. Wannan karon sun ci, Kir Anestis har ya ƙara wake, duk da bai dubi gefen da Froso take ba ko sau ɗaya. Ita kuwa ko loma uku ba ta yi ba. Aka ci aka ci har saura naɗin ganyen inabi guda a farantin tsakiya, guntun kunyar nan da ba wanda yake ɗauka. Kowa ya janye hannu. Muka zauna muna kallonsa. Can sai tsohon ya ɗauki cokalinsa ya tura shi a hankali har gaban Froso. Ya ce, "Ci, 'yata. Ƙarya ba ta cika ciki, na ga tun ɗazu ba ki ci komai ba."

Ta ci tana kuka. Prokopis ne ya rako mu tasha.

Ranar ashirin da takwas, ranar idinsu, za mu sake zama a wurin Menelaos, teburin nan dai. Ya ce a ranar zai rama abin da na yi wa ƙarfensa. Kafin nan ba na cin nama. Na kwashe na firij duka na ba Thodoros, bai ma tambayi dalili ba. Ga ni nan, na gama azumina tun makon jiya, na koma kan wake, kuma ka san yadda na tsani wake. Kiriya Stamatina ta ci yanka ɗaya domina, ni zan yi mako guda dominta, kuma na san ba su zo ɗaya ba.

Kada ka aiko da takardar oda, ni zan yi. In za ka rubuto shafi uku, ka rubuto mini su ni. Barkwancin nan kuma ka jefa shi a teku kafin ka sauka, don jikokinka na iya yin idi sau biyu.

Froso tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata. Kiriya Stamatina ta aiko maka da busasshen ɓaure, na ɓoye inda wanka ba zai gani ba. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Matarka da ke jiranka,
Evanthiya